Daga Firamare zuwa kujerar kwansaltan: jagorar horon tiyata ga likitocin Kebbi da Zamfara

Likitan da ya gama digirin likitanci na MBBS, ya yi shekararsa ta koyon aiki a asibiti, ya kammala bautar ƙasa, zai iya gyara ƙaba ko ya ciro jariri ta ciki a babban asibitin Argungu ko na Ƙauran Namoda, amma har yanzu bai zama likitan tiyata ba. Tsakaninsa da wannan suna akwai horo na kimanin shekara biyar zuwa bakwai da jarrabawa uku: Firamare, Kashi na Ɗaya, Kashi na Biyu. A yankinmu ba ƙarancin marasa lafiya ake fama da shi ba. Hanjin da taifot ya huda, harbin bindiga, hannun da ya ruɓe a wurin mai ɗori, duk suna zuwa har ƙofa. Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne lissafin watanni da takardu, da kuma kasa faɗa da baki abin da hannu ya riga ya iya.

Kwalejojin nan biyu

Akwai Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wato NPMCN, wadda aka kafa a 1979, hedkwatarta na Ijanikin a Legas. Wanda ya gama tiyata a can yana samun shaidar ƙwarewa ta FMCS. Sai Kwalejin Likitocin Tiyata ta Yammacin Afirka, WACS, wadda ta faro a matsayin ƙungiya a Ibadan a 1960; ita ke ba da FWACS. Kowacce ta isa a ɗauki mutum kwansaltan, wato babban ƙwararren likita, a Najeriya. Kowacce na yin jarrabawa sau biyu a shekara, ta WACS a Afrilu da Oktoba, ta Ƙasa ma a wajejen waɗannan lokuta.

Mai hali ya yi rajista da duka biyun. Kuɗi ne ninki biyu, amma damar zama jarrabawa ta koma huɗu a shekara. Sharaɗi ɗaya: kowace kwaleji tana da nata kundin manhaja, nata kundin aiki da ake rubuta fiɗar da aka shiga, nata kwasa-kwasan dole. Ka sauko da manhajar da ake aiki da ita yanzu daga shafin kwalejin, ka buga ta a takarda, ka karanta da biro a hannu. Kada ka dogara da abin da wani siniya ya gaya maka a ɗakin hutu, domin shi da tsohon tsari ya ci tasa.

Firamare

Ana iya zama wannan kafin a samu gurbin horo, kuma hakan ya fi, tunda yawancin asibitoci ba su kiran mutum intabiyu sai ya nuna sakamakonta. Ana bukatar cikakkiyar rajista da hukumar likitoci ta MDCN da lasisin shekarar da ake ciki. A kwamfuta ake yin ta, tambayoyi ne na zaɓen amsa, daga anatomi, fiziyoloji da fatoloji, haɗe da abin da ya shafi magunguna da ƙwayoyin cuta.

Wata huɗu zuwa shida sun isa idan ana karatu kullum. Anatomi ya ci kusan rabin lokacin, kuma a karanta shi yanki-yanki kamar yadda wuƙa ke bi: me ke ƙarƙashin me, wace jijiya ce za ka ji wa ciwo idan ka kauce. Mashigar ƙaba a matsematsi, wuya da maƙoƙo, hammata, bangon ciki, hannu. Yawancin masu shiri suna riƙe littafin Last a anatomi, na Ganong a fiziyoloji. Littafi ɗaya ga kowane fanni, a maimaita shi sau biyu, ya fi a tara biyar a waya ana leƙa kowanne. Daga wata na biyu a fara amsa tambayoyi hamsin kullum da agogo a gaba, kuma duk wadda aka faɗi a koma littafi a ga dalili. Haddar amsoshin tsofaffin tambayoyi ba tare da sanin dalili ba ita ce ke kayar da mutane, don da an juya kalma ɗaya a tambayar, shi ke nan.

Sakamakon Firamare yana da wa'adi. Wanda ya ci sannan ya tafi ya zauna a asibitin kuɗi shekara da shekaru zai iya dawowa ya tarar ya lalace.

Kafin ka karɓi gurbi, ka nemi ganin takardar amincewa

Manyan asibitocin da ido ke kai a nan su ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, wanda har yanzu mutane ke kira FMC, wato Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, sai FMC Gusau da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Kusa da mu akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) a Sakkwato, can gaba na Jami'ar Ahmadu Bello (ABUTH) a Shika kusa da Zariya, da Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Kwaleji ba asibiti dungurungum take amincewa da shi ba, sashe-sashe take bi, kuma amincewar tana da wa'adi. Tana iya zama cikakkiya, tana iya zama ta wani ɓangare, wato a yarda ka yi wasu watanni a gida, sauran ka tafi wani wuri. Watannin da ka yi a sashen da ba shi da amincewa, ko wanda tasa ta ƙare, ba a ƙirga su ko da ka yi fiɗa ɗari. Don haka ka tambayi shugaban sashe cikin ladabi: wace kwaleji ce ta amince, zuwa wace shekara, gurbi nawa na ƙananan likitoci, nawa na manya, kuma waɗanne sassa ne sai an fita waje? Ba rashin kunya ba ne, kuma shugaban da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar.

Da ka kama aiki ka yi rajista da kwalejin a matsayin mai karɓar horo. Wasu sukan yi shekara guda suna aiki kafin su gane cewa a wurin kwaleji agogonsu bai fara tafiya ba.

Maganar kuɗi: Dokar Horon Ƙwarewar Likitoci ta 2017 ta tanadi asusun MRTF don taimaka wa masu horo da kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai. Sunanka ya shiga jerin da asibiti ke aikawa. Reshen ƙungiyar likitoci masu karɓar horo, ARD, na asibitinku ne ke bin sawun wannan. Wanda jiha ta ɗauki nauyinsa ya samu takardar izinin tafiya karatu a rubuce, ya karanta sharuɗɗan komawa aiki kafin ya sa hannu. Kuma ka riƙa ajiye wani abu daga albashi, domin ranar rufe fom ba ta jiran kuɗin gwamnati.

Shekarun ƙaramin rejistara

Rejistara shi ne likitan da ke karɓar horon ƙwarewa. Matakin ƙaramin rejistara, kafin Kashi na Ɗaya, shekara biyu zuwa uku ne, gwargwadon kwaleji. Za ka zagaya tiyatar gama-gari, sashen hatsari da gaggawa, ƙashi, mafitsara, tiyatar yara, sashen sa barci da kulawa ta musamman, sannan ƙuna da gyaran fata, ƙwaƙwalwa, ƙirji. A makonka na farko ka ɗauki takarda ka ja layi, ka rubuta kowane sashe da watannin da manhaja ta ce, ka sa ranar jarrabawar da kake hari a ƙarshe, sannan ka ƙirgo baya. Sassan da sai an tafi Sakkwato ko Zariya ko Kano su za a fara nema, domin can ma layi ake bi, kuma wasiƙa kan yi watanni tsakanin ofis da ofis. Wanda ya bar su sai ƙarshe shi ne za ka ji yana cewa saura wata uku na ƙwaƙwalwa, alhali abokan shigarsa sun zama siniya. Idan ka gama kowane sashe, kada ka bar garin sai da takardar kammalawa mai sa hannu da hatimi.

Sai kundin aiki, logbuk. Nan ne ake yawan yin asara ta banza. Kowace fiɗa da ka shiga tana bukatar kwanan wata, lambar asibiti ta mara lafiya, shekaru, cutar, aikin da aka yi, matsayinka a ciki, abin da ya biyo baya, da sa hannun kwansaltan. Matsayin nan a rubuta gaskiya: kallo ka yi, taimakawa ka yi, kai ka yi ana tsaye a kanka, ko kai kaɗai. Masu jarrabawa sukan buɗe shafi su ɗora yatsa a layi ɗaya su ce ba mu labarin wannan. Wanda ya rubuta cewa shi ya cire maƙoƙo alhali ƙugiya ya riƙe, ba zai iya faɗin inda ya ga jijiyar murya ba, kuma daga nan sun daina yarda da sauran shafukan.

Ka rubuta a ranar, kafin ka cire kayan tiyata, ko da a ƙaramin littafin aljihu ne. Ka ware rana ɗaya a mako, a ce Alhamis bayan zagaye, ka kai a sa hannu. Kwansaltan na iya samun canjin wurin aiki ko ya tafi Saudiyya, ka wayi gari da fiɗa tamanin ba mai sa musu hannu. Ka ɗauki hoton shafukan duk wata ka aika wa kanka ta imel, saboda ruwan sama da ɓera ba su san darajar takarda ba. Bayan kowane wata uku ka gwada abin da ka tara da adadin da manhaja ta nema. A nan za ka ga afendis da hujin hanji sun yi maka yawa, amma wasu ayyukan na sanyi, irin su maƙoƙo da mama da matsarmama, sun yi kaɗan. Sai ka roƙi a riƙa sa ka a jerin ranar da ake yin su.

Auna ka kuma ba sai ranar jarrabawa ake yi ba. Shugaban sashe ne zai sa hannu a fom ɗinka cewa ka cancanta, kuma abin da ya gani zai duba: yadda kake gabatar da marasa lafiyar da ka karɓa da dare a taron safe, takardar bayanin fiɗa da kake rubutawa, tsayuwarka a taron bitar mace-mace da matsaloli, da ko kana kiran na gaba da kai a kan lokaci. Wannan na ƙarshe ya fi duk sauran nauyi. "Cif, akwai yaro a gaggawa, ban gamsu da cikinsa ba, don Allah a zo a duba" da ƙarfe biyun dare bai taɓa rage wa kowa daraja ba. Yin shiru har gari ya waye shi ke rage ta. Haka zamanka da nas-nas na tiyata da metiron: su ne za su koya maka sunan kowane ƙarfe da yadda ake miƙa shi, idan ka girmama su.

Kwasa-kwasan dole, kamar na dabarun tiyata na farko, na ceton wanda ya yi hatsari, da kwas ɗin bita na kwaleji, ana neman takardunsu a fom, wasu kuma sai sun kasance na kwanan nan. Gurabensu kan cika da wuri. Ka yi su a shekarar farko da rabi, ban da na bita, wanda ya fi amfani dab da jarrabawa.

Kashi na Ɗaya, inda aka fi zubewa

Akwai rubutacciya, wadda sai an ci ta ake wucewa, sannan ɓangaren aiki: tashoshin OSCE, inda ake zagaya tebura ana gwajin aiki, ƙararrawa na tayar da kai daga ɗaya zuwa na gaba, gwajin hotuna, duba mara lafiya a gaban masu jarrabawa, da tambayoyin baki a kan ƙa'idojin tiyata, fatoloji da yadda ake yin fiɗa. Tsarin kan sauya, amma abin da ake nema bai sauya ba. So suke su ga ko za a iya barin ka da mara lafiya da dare ba tare da ka kashe shi ba.

Wata shida kafin rana a kafa rukunin mutum uku ko huɗu, kada ya wuce haka. Babban littafi ɗaya a bi shi daga farko. Na Badoe yana da amfani saboda cututtukan ƙasashenmu ya sa a gaba. Lokacin karatu mafi albarka shi ne bayan sallar Asuba zuwa bakwai, musamman ga mai harin Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi da Gusau ke haura digiri 40, ga wuta ba tabbas. Awa biyu kullum sun fi awa goma sha biyu ranar Lahadi. Kuma duk abin da ka karɓa jiya da dare, shi za ka karanta yau, domin abin da ido ya gani ba ya saurin fita.

Ga yadda ake so amsa ta fito. An ce maka yaro ne ɗan shekara goma daga wani ƙauye a Bungudu, zazzaɓi mako biyu, yau kwana uku ciki ya kumbura, ba ya bari a taɓa. Yawancin masu faɗuwa da wuƙa suke farawa. Kai ka fara da farfaɗo da shi: allurar ruwa manya biyu, ruwan Ringer ko na gishiri mil 20 ga kowane kilo a tashin farko, a sake dubawa, robar hanci don a sauke ciki, robar fitsari, ana neman mil 1 ga kowane kilo a awa, a auna gishirin jini da ƙarfin jini, a tanadi jini, kada a ƙara fotasiyam sai fitsari ya fara zuwa, maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya, kamar seftiriyazon da metronidazol. Hoton ƙirji a tsaye zai iya nuna iska a ƙarƙashin shamakin ƙirji, amma rashinta bai kore huji ba. Sai a yi wa mahaifinsa bayani a karɓi amincewa. A cikin ciki, hujin taifot yana gefen hanjin da ke nesa da tantanin da ke riƙe da shi, galibi cikin santimita 60 na ƙarshen ƙaramin hanji, inda tarin ƙwayoyin Peyer suke. A bi hanjin duka, don ba lallai ɗaya ba ne. Idan ɗaya ne, a gyara bakinsa a ɗinke a kwance, ba a tsaye ba, don kada hanyar ta tsuke. Idan da yawa ne kusa da juna, a yanke wurin a haɗa. Idan yaron ya galabaita ƙwarai, cikin ya cika da ƙazanta, a fito da hanjin ta bangon ciki a bar haɗawa sai ya murmure. Za su tambaye ka me kake tsoro a rana ta biyar zuwa ta goma: mugunya a rauni, fashewar ɗinki, sabon huji, taruwar mugunya a ciki, ko kashi ya fara fitowa ta rauni. Wanda ya jero wannan a natse cikin minti uku ya wuce wannan tebur.

Lissafi ma ana yin sa a gabansu, ba waya. Mace mai kilo 60, zaninta ya kama wuta tana jin ɗumi da hunturu, ƙarfe shida na safe, ƙuna kashi 30 cikin ɗari, ta iso asibiti ƙarfe goma. A ƙa'idar Parkland ta lissafin ruwan da za a ƙara wa wanda ya ƙone, mil 4 sau kilo 60 sau kashi 30, mil 7,200 ke nan a awa 24. Rabi, wato 3,600, a awa takwas na farko. Tarkon yana nan: daga lokacin ƙunar ake ƙirgawa, ba daga isowa ba. Saura awa huɗu, don haka mil 900 a awa har ƙarfe biyun rana, sannan 225 a awa na sauran awa 16, ana daidaitawa da fitsari, wanda ake so ya kai mil 30 a awa a jikinta. Wasu sababbin jagorori da mil 2 suke farawa ga babba, maimakon 4. Ka faɗi wanda kake bi da dalilinka. Haka lidoken, allurar kashe wuri: na kashi 1 cikin ɗari yana da miligiram 10 a kowane mil, iyaka miligiram 3 ga kilo idan zalla ne, 7 idan da adirenalin. Ga mai kilo 60, mil 18 ke nan ko 42. Duk mai gyara ƙaba da allurar kashe wuri ya kamata wannan ya zauna masa kamar Fatiha.

Duba mara lafiya a gaban mutane sana'a ce daban, sai an yi ta gwadawa. Sau biyu a mako ka ɗauki wanda ba ka sani ba a ɗakin kwanciya, abokinka ya riƙe agogo, wani siniya ya zauna ya yi maka tsiya. Gaisuwa, gabatar da kai, neman izini, wanke hannu, rufe abin da bai kamata a buɗe ba, mace a samu nas a tsaye: kowanne yana da maki. Kullutu, maƙoƙo, mama, ƙaba da gwaiwa, gyambo, kumburin ciki, a maimaita su har hannu ya riƙa tafiya da kansa. Wata matsala tamu ta musamman: kullum da Hausa muke ɗaukar labari, "Baba, mi ke damun ka?", sai ranar jarrabawa a Ibadan a ba ka dattijuwa Bayarabiya da tafinta, kuma ka gabatar da Turanci. Ka saba da aiki da tafinta tun a gida. Masu zuwa daga Zuru da Yawuri da Kamba da rugagen Fulani sun isa su koya maka yin gajerun tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Gabatarwa kuwa a yi ta da ƙarfi, a tsaye, har a daina in-ina.

Abin da kake gani kullum shi ne ƙarfinka. Idan aka kawo fitsarin jini, kai ka san tsargiya a garuruwan bakin kogi da fadamun shinkafa, ka san dangantakarta da sankarar mafitsara irin ta sikwamas. Ka san abin da ɗaurin kara mai tsanani ke yi wa hannun yaro. Amma abin da ba ka gani shi za ka ba ƙarin lokaci: tiyatar madubi, karanta hoton CT, dashen ƙoda, matakan sankara da magungunanta. Ba za su karɓi "ba mu da shi a asibitinmu" a matsayin amsa ba. Ka faɗi abin da ya kamata a yi, sannan ka faɗi abin da za ka yi idan babu.

Idan ba ka san amsa ba ka ce ba ka sani ba, su wuce gaba. Musu da mai jarrabawa, ko ƙirƙiro adadin magani, ya fi shiru muni, domin amsa ɗaya mai hatsari kan rushe tara masu kyau.

Siniya rejistara da kundin bincike

Bayan Kashi na Ɗaya sai zaɓen reshe: gama-gari, mafitsara, yara, gyaran fata, ƙwaƙwalwa, ƙirji da zuciya. Shekara biyu zuwa huɗu, ƙwaƙwalwa da zuciya su ne masu tsawo. A sake tambayar amincewa, domin asibitin da aka yarda ya horar da ƙananan likitoci ba lallai an yarda masa da manya a reshenka ba.

Abin da ke riƙe siniya shekara bakwai a wuri ɗaya ba fiɗa ba ce, kundin bincike ne. Tun ran gini, tun ran zane: a wata shida na farko a zaɓi maudu'i. Kafin ka ƙaunaci kowane maudu'i, je ka ɗauko rajistar ɗakin tiyata ta shekara biyu ka ƙirga. Ƙa'idar lissafin yawan marasa lafiyar da bincike ke bukata, wadda kowa ke kwafa, idan aka sa 1.96 da rabi-da-rabi da kuskuren kashi 5, tana ba da 384. Idan cutar da ka zaɓa mutum biyar ake gani a wata, sittin ke nan a shekara, kai da 384 sai bayan shekara shida. Ka zaɓi abin da ke zuwa da yawa, tambayar ta zama ɗaya, ƙarama, mai amsuwa cikin wata goma sha biyu: kwatanta hanyoyi biyu na rufe fata bayan fiɗar ciki mai ƙazanta, misali, ko wani ma'auni da ke hasashen wanda zai samu matsala bayan hujin hanji. Ka guji binciken da ya dogara da gwaji mai tsada ko na'ura ɗaya tilo. Ran da ta lalace, kai ma ka tsaya.

Jerin matakan ba ya canzuwa. Masu duba aiki waɗanda kwalejin ta yarda da su, kwas ɗin hanyoyin bincike, rubuta shawarar bincike, izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, aikawa kwaleji, gyaran da suka nema, amincewarsu a rubuce, sannan a fara tara bayanai. Wanda ya fara tarawa kafin amincewa na iya tarar an sauya masa manufa, aikin wata takwas ya tashi a banza. Takardar neman amincewar marasa lafiya a fassara ta da Hausa mai sauƙi, a karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaida.

Bin sawu shi ne ciwon kai a nan. Mutumin da ya zo daga Anka ko Maru ko Danko-Wasagu, da rauni ya kame ba zai sake kashe kuɗin mota ya bi hanyar da ba tsaro don ka leƙa ɗinki ba, balle da damina yana gona. Ka karɓi lambar waya biyu, tasa da ta ɗan'uwansa mazaunin gari, ka tsara bin sawun ya zama gajere, kwana 30 ya fi wata shida, ka ƙara kashi 10 a kan adadinka saboda waɗanda za su ɓace. Ka shigar da bayanai a kwamfuta duk mako, ka koyi manhajar lissafi ta SPSS da kanka ko da wani zai taya ka. Ranar kare kundi za a nuna tebur a ce me ya sa ka yi wannan gwajin ba wancan ba, kuma wanda ya yi maka lissafin ba ya ɗakin. Kwalejoji suna duba satar rubutu da manhajar kwamfuta. Kwafo babin bitar ayyukan baya daga kundin wani ya isa a dawo maka da naka.

Kashi na Biyu da tafiyar kanta

A nan kare kundi ne da tambayoyin baki masu zurfi a reshenka, wani lokaci da duba marasa lafiya. Tambayar ta tashi daga mene ne wannan ta koma me za ka yi, me ya sa, idan ya ɓaci fa. Kana cire matsarmama ka ga ruwan ɗaci na fitowa daga inda bai kamata ba, kuma kai ne babba a garin. Irin wannan. Ka karanta jagororin da ake aiki da su yanzu da mujallun shekara biyu na baya, ka sa malamai biyu da ba su san aikinka ba su yi maka gwajin karewa mako uku kafin rana. Kwas ɗin gudanar da asibiti da sauran takardun da kwalejin ta lissafa a haɗa su a fayil ɗaya tun kafin a buɗe fom, kuma sunanka ya zama iri ɗaya a kowace takarda. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya jawo wasiƙa.

Ka isa garin jarrabawa kwana biyu kafin rana. Mai bin mota, ko ta Jega da Yawuri zuwa Kontagora, ko ta Tsafe zuwa Funtuwa, da rana zai yi tafiyarsa. Mai hawa jirgi kada ya sayi na jajibiri, musamman idan akwai hazo. A jaka: katin shaida, takardar shiga, asalin logbuk, farar riga, abin sauraren ƙirji, tef ɗin awo, ƙaramar tocila, guduma, safar hannu, agogo mai nuna daƙiƙa.

Wanda bai ci ba ya rubuta duk tambayoyin da aka yi masa a daren, tun suna kansa, ya kai wa malaminsa su gano inda aka zube. Idan a rubutacciya ce, karatu ne bai isa ba. Idan a tebur ce, ƙarin littafi ba zai yi magani ba, sai ƙarin tsayuwa a gaban mutane. Fom na zama na gaba yakan rufe 'yan makonni bayan fitar sakamako, don haka a duba ranar tun kafin a bar garin.